Ƙwayar Riɗi Ɗaya

Tun makon da muka sheƙe riɗi a Gagarawa
kwamfutata ta fara gunaguni.
Da fari ƙasa-ƙasa, kamar mage a gindin murhu.
Kafin kwana uku ta zama injin niƙan Ɗan'azumi
ranar da aka kai masa masara da tsakuwa.

Ni ne magatakardan ƙungiyar manoma.
Suna ɗari biyu da goma sha ɗaya ke cikinta:
wanda ya karɓi taki,
wanda ya biya,
wanda ya ce a bari sai kaka, kaka uku ke nan.
In ta mutu, bashi ya bi ta kushewa,
kuma na san mutum bakwai da za su yi sadakar ƙosai.

Inna Kubura ta ce a tofa mata.
Na tofa. Ta ƙara murya.

Ranar kasuwar Gujungu na naɗe ta a zani,
na goya ta a bayan babur
har rumfar Tasi'u mai gyaran waya,
tsakanin tela da mai sayar da igiya.

Bai ɗauki sukuddireba ba.
Ya kunna ta, ya kara kunne
kamar ungozoma a kan ciki.
Ya karkata ta hagu, kukan ya sauya,
ya miƙar da ita, ya dawo.
Ya ce, ba lasifika ba ce, fanka ce.
Ya sa tafi a hancinta.
Zafi kamar tanda, iska kuwa ko ta hura ashana babu.

A ina kake ɗora ta?
Na ce, kan katifa. Wani sa'in kan buhu.
Ya yi mini kallon da malamin asibiti
ke yi wa wanda ya zo da ciwon shekara.
Kai ma in aka toshe maka hanci da bargo,
ya ce, ai sai an ji ka a Ringim.

Ya kashe ta, ya zare batir.
Ƙusoshi tara, ƙanana kamar gero,
ya tara su a murfin kwalba
ya ce kada in yi atishawa.

Da ya ɗaga bayanta
sai ga gonarmu a ciki:
ƙaiƙayi ya dunƙule da zaren bargo
ya zama tabarma a bakin ƙofar iska,
fiffiken shinge biyu tun na farkon damina,
sannan can, a maƙale tsakanin haƙoran fanka,
ƙwayar riɗi ɗaya.
Fara sol. Ko kunya babu.

Ya tokare fankar da tsinken sakace
don kada ta yi gudun da ba nata ba,
ya share da tsohon buroshin haƙori,
ya hura, ya sake hurawa.
Ya juya ta da yatsa. Saura 'yar ƙara,
irin ta ƙyauren da ya kwana biyu bai ga mai ba.
Ya leƙa wajen tela ya aro man keke.
Ɗigo ɗaya a cibiya.
Ɗaya, ya ce, biyu ɓarna ne.
In kukan ya dawo kafin wata,
sai mu aika birni a kawo sabuwa.

Ya karɓi abin da ya karɓa,
ya ba ni ƙwayar a ƙullin takarda.

Da dare na ɗora ta kan benci,
marfin kwalba huɗu a ƙarƙashinta don ta sha iska.
Na kunna.
Ina jin gyare a bayan danga,
ina jin akuya tana tuƙa.

Inna ta ɗaga labule.
Ta rasu ne?
Na ce, a'a, sauƙi ta samu.
Ta tsaya jim, ta ce,
haka ne, lafiya ba ta da baki.

Na buɗe lissafi.
Mutum bakwai ɗin nan suna nan daram.
A ƙasan sunansu na ƙara layi:
riɗi, ƙwaya ɗaya,
an karɓo.