Ɗigo Na Goma Sha Bakwai

A hawa na biyu na ofishin ƙaramar hukuma,
inda fanka ke kwashe zafin Jawa daga wannan kusurwa ta kai waccan,
aka shimfiɗa mini taswirar gunduma,
aka miƙo jan biro.
"Lasmini, duk inda guba take, ki sa ɗigo."

Wata uku ina bin sawunta a kan babur.
Bayan asibiti, allurai cikin buhun shinkafa.
Kogin masu rini, Litinin shuɗi, Alhamis ja,
agwagi na iyo abinsu.
Jarkokin maganin feshi da tsofaffi suka ɗauraye
suna tara ruwan alwala.
Goma sha shida na ɗiga, hannuna bai ko motsa ba.

Na goma sha bakwai, na san ƙofarsa tun ina rarrafe.
Yayana Ngatijo ke fasa matattun baturan mota da gatari,
ya tuttular da ruwan a gindin ayaba,
ya narka dalma cikin dare, sa'ad da ba a ganin hayaƙi.
Dalmar nan ce ta biya mini kuɗin makaranta.
Ita ta sayi babur ɗin da ya kawo ni.

Ya zuba mini shayi. Na riƙe kofin har ya huce.
Ya gani.
'Yarsa na tuƙa tuwon wasa da ƙasa mai launin toka,
shekararta bakwai, harafi ya ƙi zama a kanta,
malamarsu ta ce ƙiwuya ce.

Ranar zaman majalisa kowa ya yi na'am:
a gina ma'ajiya mai daɓen siminti da rufi da kwaɗo,
mota ta riƙa zuwa duk wata tana kwashewa.
Shugaba ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, aka tafa.
Sai aka zo kan "a ina?"
Kansilan gabas ya tuna da maƙabarta,
na yamma ya ce iska daga wajensu take tasowa,
ma'aji ya buɗe littafi: kuɗin bana gada ta cinye.
Ashe wanzami ba ya son jarfa.
Aka kafa kwamiti, aka raba dafaffiyar gyaɗa.

Ni ma wanzamiyar ce.
Kwana tara biron na cikin jakata da murfinsa.
Daren na goma na sa ɗigon,
ɗan mitsitsi, na karkatar da shi wajen titi
yadda zai iya zama gidan kowa.

An liƙa taswirar a allon sanarwa, kusa da jadawalin rigakafi.
Da hantsi na leƙa ta taga, sai ga shi tsaye,
hularsa a hannu, yatsunsa baƙi ƙirin.
Ya daɗe yana dubawa.
Ya hawo matakala ɗaya bayan ɗaya, yana tari,
bai zauna ba.

Ya ce, "Kin yi kuskure.
Ba a bakin titi nake zubarwa ba.
Matsar da shi baya, wajen rijiya,
ki kuma ƙara masa girma."

Na cire murfin biron.
Ya ce, "Motar nan da za ta riƙa zuwa,
tana ɗaukar ƙasa ma?"