Adakar Ƙarƙashin Gado

Ban taɓa sayen abu da yawa ba,
albashin mai sharar asibiti bai kai nan ba.
Da tsintuwa na fara,
ran Alhamis, in Kasuwar Dole ta watse,
'yan koli na naɗe tabarmi,
ƙasa na riƙe da abin da ya zube:
tsakiya uku shuɗɗa, wuri guda mai tsaga a baya,
maɓallin da ya rabu da rigarsa.

Daga baya na koyi hanyar Birni.
Malam Barmu baduku, in ya gama yankan alabe,
sai ya ture ragowar fata da ƙafa.
Na ce, "A nawa?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Cima, kwashe, kin rage mini shara."
Korino siriri kamar ganyen albasa,
ja mai ƙanshin bagaruwa da man gyaɗa,
baƙi wanda kuloko ya ci har ciki.
Na ƙulle su a bakin zane na hau kabu-kabu
kamar mai ɗauke da sadaki.

Ƙaro, ni na ɓamɓaro shi a hanyar Mirriya.
Karan dafi, wata ƙawa ta aiko daga Matamai.
Wayar tagulla kuwa daga cikin rediyona ta fito,
shekarar da ya daina magana.
Basilla biyu, almakashi mai ɗingishi,
kaba da na shanya a kan katanga
awakin maƙwabta suka ɗauki zakka.

Kowa da ɗakinsa a cikin adaka.
Allura a gwangwanin tumatir,
tsakiya a kwalbar magani da na wanke sau uku,
zare a jere, fari ba ya kwana kusa da baba.
In na sauko daga aikin dare, ƙafa a kumbure,
nakan jawo ta, ƙarfe na kuka a kan siminti,
in buɗe, in ƙirga, in shinshina, in rufe.

To, ga abin da ban faɗa wa kowa ba:
shekara bakwai, ko zabira ban ɗinka ba.
Can ƙasa akwai jar fatar akuya, cikakkiya,
kuɗin adashe na zuba a kanta a majema.
Sau nawa na ɗora almakashi a gefenta
hannu ya ce a bari sai na ƙware.
Gobe, jibi, bayan salla,
in zafi ya sauka, in ruwa ya dawo famfo.

Ranar nan ma ruwan ne ya fitar da ni.
Tun asuba ina layi da bido huɗu,
rana ta hau kan duwatsu kafin a zo kaina.
Na dawo na tarar da Gaji, 'yar ƙanena,
shekararta tara, ta baje adakar a tsakar ɗaki.
Fatar na kan cinyarta.
Ba daga gefe ta yanka ba, wallahi,
daga tsakiya, inda ya fi laushi,
wai jakar alli za ta yi ta kai lakwal.

Hannuna ya tashi.
Ta dube ni ta ce, "Gwaggo, ai ba kya komai da ita."

Ƙanshin sabon yanka ya cika ɗakin,
ban taɓa jin sa a gidana ba.
Na sauke hannun, na sauke kaina ƙasa,
na ce ɗinkinki ya karkace, miƙo basilla.
Idona ya kasa ganin kafar,
ita ta zura mini zaren.

Yanzu fatar na da rami kamar bakin rijiya.
Daga bakinsa nake ɗiba.
Jiya alabe ya fito, kunne ɗaya ya fi ɗaya,
na sa masa maɓallin nan marar riga.
Gobe Alhamis.
Korino ya kusa ƙarewa.