Koren Awarwaro

Dare na goma sha tara a Matosinhos.
Ruwa na dukan gilashi,
iskar teku na leƙowa da ƙarnin kifi
duk sanda ƙofa ta wage baki.
Ni aikina zama a lungu
da agogo da littafi mai layi-layi,
ina ƙirga mintuna daga ƙofa zuwa likita.
Jami'a ce ta aiko ni. Ba na taɓa kowa.

Graciete ke rabon launi.
Shekara ashirin da shida a kujerar nan.
Minti uku take ba mutum,
sai ta ɗaura masa awarwaron takarda:
ja, a ruga da kai yanzu;
ruwan goro, minti goma;
rawaya, ka daure;
kore, nemi wuri ka zauna,
sa'a biyu ne, in an yi sa'a.

Ƙarfe ɗaya da kwata wani saurayi
ya shigo da ihu, kwalba ta tsaga masa yatsa.
Kowa ya waiwaya.
Ihu yana da 'yan'uwa a ɗakin nan,
shiru kuwa maraya ne.

Bayansa wani tsoho, hula a hannu,
takalman roba har gwiwa,
'yarsa na tura shi kamar kwalekwalen da ya kafe.
Na ji ta ce, Custódio ne sunansa, masunci.
Daga ɗaya zuwa goma, baba, ciwon nawa ne?
Ya dubi ƙasa. Ya ce biyu.
Miyar dare ce ta tsaya mini,
yarinyar nan ce mai neman magana.
Jini daidai, numfashi daidai.
Kwamfuta ta ce kore.
Na rubuta: lamba ɗari huɗu da sha biyu, kore.

Ya zauna ƙarƙashin talabijin.
Da mai jego ta shigo, ya miƙe ya ba ta wuri.

Graciete ta fito ɗebo kofi,
ta wuce shi taku uku, ta tsaya.
Ɗakin da sanyi, kowa na cikin rigar ruwa,
amma ga zufa a leɓensa na sama.
Babban yatsa na murza muƙamuƙi,
ɗaya hannun ya shaƙe hular nan
kamar igiyar koma ranar guguwa.
Ba ta tambaye shi komai ba.
Almakashi ta zaro, ƙyas,
kore ya faɗi ƙasa.

Na'urar zuciya ta zana tudu
a inda ya kamata a ga fili.
Sai gudu, sai ƙarar tayoyin gado,
sai ƙofa ta biyu ta haɗiye su.

Da asuba na tare ta da littafina.
Me kika gani? Wane gurbi zan cike?
Ta hura kofin da ya riga ya huce.
Ta ce, mutumin da teku ya ci wa ƙanne biyu,
biyunsa ba biyunki ba ne.
Labarin zuciya, a tambayi fuska.

Wata takwas na kwashe ina tankaɗe alƙaluma.
Mutum dubu goma sha ɗaya sun zama ɗigo-ɗigo,
ɗigon ya nuna abin da ta riga ta sani:
tsofaffi, da baƙin da harshe ya ɗaure,
da mata masu cewa ba komai,
su suka fi daɗewa a benci.
Yana nan a jadawali na huɗu.
An tafa mini a taro.

Amma bincikena a ƙofa ta biyu ya ƙare,
doka ba ta bar ni in bi shi ciki ba.
Ko ya sake jefa koma, ban sani ba.
Minti ashirin da huɗu, shi ke nan abin da na mallaka,
sai koren awarwaron da na tsinta a ƙasa,
yana tsakanin shafi biyu na littafin,
da sawun takalmin wani a kansa.