Cakuɗar Baba Jatau

A Kakuri, bayan masaƙar da ta yi shiru,
inda ciyawa ta haɗiye layin dogo,
akwai wani benci a gindin darbejiya.
Nan Baba Jatau ya koya mini ƙarya
wadda ba a yin ta da baki.

Shekara ashirin da ɗaya yana ɗaura zare a inji.
Da aka garƙame ƙofa, yatsunsa suka ƙi zaman banza,
sai ya sayo karta a Kasuwar Barci
ya ba su aikin yi.

"Sallau," in ji shi, "kawo idonka nan.
Raba su gida biyu, soka wannan cikin wancan,
bar su su yi kuka, farrr, kamar tashin tattabaru.
Kunnen mai kallo ya ƙoshi,
idonsa ya ce an gama.
To, a nan za ka zare su a hankali,
yadda kogin nan ke ratsa ƙarƙashin gada
ya fita can, bai tafi da gadar ba.
Na sama yana sama, na ƙasa yana ƙasa,
ba wanda ya bar gidan ubansa."

Na ce, "Baba, wannan wahala fa?
Me ya hana a cusa kati a hannun riga?"
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Wannan aikin ɓarawo ne mai gaggawa.
Mutum ba ya mamakin abin da yake zargi.
Fara kwantar masa da hankali tukuna,
ya ga an yamutsa, ya rantse da idonsa.
Daga nan bakwai ɗin zi da ya zaɓa,
ko daga aljihunsa ka zaro ta,
shi ya buɗe maka hanya.
Cakuɗa ce harsashin gini, dabo jinka ne kawai."

Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini:
"Ran da ka kai ta tabarmar caca,
ran nan ba ni ba kai.
Wanda ya zo a ruɗe shi don ya yi dariya daban,
wanda ya zo da kuɗin cefane daban."

Wata bakwai kati na watsewa a ƙasa,
masu tallar gyaɗa na yi mini ihu,
kafin ɗan ƙaramin yatsana ya iya riƙe tsaga,
siririya, kamar ƙofar da aka sakaya.
Daga baya na yi wasa a tashar Kawo,
na yi a wani suna a Unguwar Sanusi,
har wani direba ya tofa mini addu'a ya ja da baya.

Bara, da damina, ɓarin jikinsa ya shanye.
Na same shi a asibiti, gado na tara, kusa da taga,
hannun dama a kwance kamar baƙo.
Jikarsa Asabe na kore masa ƙuda.
Da harshe mai nauyi ya ce, "Ka zo da su?"

Asabe ta zaɓi ɗaya, ta leƙa, ta mayar.
Na raba, na soka, farrr,
na zare, na miƙa masa.
Da hagu, yana karkarwa, ya ɗaga na sama.
Sarkin kubi.
"Kaka ya gano! Wallahi shi ne!"
Har nas ta leƙo ta labule.

Ya daɗe yana kallona, ruwa na dukan kwano.
Sannan ya kamo wuyan rigata,
ya raɗa mini a kunne:
"Ƙaramin yatsan nan naka
har yanzu surutu gare shi.
Sake."

Na sake.