Takalman Zayyanu

Yau ma ya kawo su rumfata a Ƙofar Guga,
ƙusa biyu sun zube, bakin na hagu ya yage.
Na ce, fatar nan ta gaji, lamba tara.
Ya ce, ɗinka dai, ita ta san hanyar raga.

Ƙungiya goma sha ɗaya a shekara goma sha huɗu.
Funtuwa ta sallame shi da kuɗin mota,
Malumfashi na riƙe da albashinsa na wata biyar.
Sai wani ƙauye a Italiya, sunansa na sarƙe harshe,
'yan kallo ɗari uku da karen mai gadi,
mai ƙungiyar gidan burodi gare shi,
rabin albashi a tanderu ake gasa shi.
Ƙwallo goma sha bakwai ya ci musu a kaka ɗaya,
babu kyamarar da ta gani.
Ni na yarda. Zaren da na sa ne ya je, ya dawo a tsinke.

Yanzu gwiwarsa na ƙara kamar ƙyauren shagona.
Yaran Ƙofar Marusa na ce masa Ɗan Taliya,
suna dariya, amma su ke rububin ɗaukar jakarsa.
Asabar akwai wasa a Dutsin-Ma,
an ce minti ashirin za a ba shi, in ana neman ci.

Na lashi zare, na soka basilla.
Bai tambayi kuɗin ba,
ni ma ban ɗaga kai ba.