Zango Takwas

Ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya ƙame a bakin ƙofa,
sai da na ce shigo, na kuma ce zauna.
Saje Bappayo, mutumin Kumo,
shekara ashirin da ɗaya cikin kaki,
yau ga shi da jakar leda da jan biro,
furfura tana leƙowa ta gefen hula.

Ya ja kujerar ya juya ta,
baya ga bango, ido ga ƙofa.
Ban tambaya ba.
Fankar ofishin nan ta mutu tun bara,
zafin Gombe kuwa ba sani ba sabo.

Ya jera takardunsa kan teburina
kamar mai kasa gyaɗa ranar kasuwa:
ta sallama daga aiki,
ta tallafin karatu mai hatimi biyu,
sai sakamakon zangon da ya wuce, a ninke huɗu.
Lissafi ya kayar da shi. Ya san na gani.

Tallafin zango takwas ne, ba tara ba,
uku kuma sun riga sun tafi.
Wanda ya tsara sharuɗɗan bai san
kunnen hagun Saje ya rage a wani daji ba,
bai san malamin lissafi
da allo yake magana, ba da ɗalibai ba.

"Ki ba ni oda, Malama," in ji shi.
"Kwas ɗin da kika ce, shi ke nan."

Na ce, Saje, nan ba a ba da oda.
Shawara ɗaukar ɗaki ce,
kama gefenka in kama nawa.
Kai me kake so?

Ya dubi hannunsa har na ji kunya.
Ya ce tun yana ɗan sha tara
ba wanda ya yi masa wannan tambayar.

Can waje salansar wani ɗan acaɓa ta fashe.
Teburin ya motsa a ƙarƙashin yatsunsa.
Na sunkuya ina neman abin da bai faɗi ba
har numfashinsa ya dawo mazauninsa.

"Awon ƙasa," ya ce. "Safiyo.
A daji ni ke riƙe taswira.
Gonar babanmu kuma, rigimar iyaka ta cinye ta,
kowa ya nuna kuka daban ya ce nan ce."

Na ce awon ƙasa ɗan lissafi ne na cikinsa.
Ya ce to, a sake haɗa su, a gani.

Muka hau ƙirga, shi da jan biro, ni da fensir.
Kwas biyu muka ajiye sai baɗi,
ba uku ba, kar nauyin ya gaza ƙa'ida
a ce tallafi ya tsaya.
Lissafi ajin safe, layin gaba,
kunnen dama wajen malam.
Na rubuta wa ofishin kuɗi wasiƙa ta uku
cewa su yi haƙuri, kuɗinsa na kan hanya,
kada a hana shi shiga jarrabawa.
Na ba shi sunan Laraba 'yar Billiri,
ta fi kowa a ajin, sa'ar 'yarsa ce.
Ya ce, "Yarinya?" Na ce, yarinya.
Ya yi dariya, ta farko.

Da zai fita hannunsa ya tashi zuwa goshi,
a rabin hanya ya tuna, ya gyara hula.

Ban san ko zai ci ba. Zango biyar ba yawa.
Amma ran Alhamis, ƙarƙashin dalbejiyar ɗakin karatu,
na hango Laraba tana zana kusurwa a ƙasa da tsinke,
shi kuma a tsugune, ya karkata kai dama,
yana gardama.

Jan bironsa na nan a aljihun teburina.
Ya manta shi, ko ya bar dalilin dawowa.