Guzurin Ƙwaya

A gonar gwaji ta Samaru, da hantsi,
na ɓare goyon masara a tsaye.
Kwana goma sha takwas da fitar gemu.
Na danna farce a ƙwaya ɗaya,
farin ruwa ya fantsamo mini a tabarau.
Na goge da bakin mayafi, ina dariya ni kaɗai.

Na san labarin ruwan nan.
Bununi ya bar tuta, iska ta aje shi kan silin gemu,
ya huda siririyar hanya, ya gangara,
tafiyar yini guda cikin duhun zare,
'yan biyu a goye.
Ɗaya ya shiga ɗakin ƙwai:
shi ne zai zama tsiro, mai saiwa, mai ganye, mai suna.
Ɗayan ya wuce tsakar gida,
ya tarar da cibiyoyin uwa biyu suna jira,
suka dunƙule su uku.
Kashi biyu na uwa, ɗaya na uba,
rabon gadon da ba alƙalin da ya zauna a kai.

Sai yaɗuwa: biyu, huɗu, takwas,
ba bango, ba danga, ba asabari,
kowa na iyo cikin ruwan kowa.
Daga baya katangu ke tasowa
daga gefe zuwa tsakiya,
kamar yadda Hayin Dogo ta cika muna kallo.
Kowane ɗaki a ɗura masa sitaci.
Ruwa ya koma kunu, kunu ya koma ƙullu,
ƙullu ya daskare har ya gagari haƙori.
Ran da rumbu ya cika
masu ɗakunan su mutu a ciki, ba kuka.
Sahu ɗaya ne a gindin bango zai rage da rai,
riƙe da mabuɗi, yana jiran ruwan shuka.

Shi ba ya tsira.
Ɗan'uwansa ne zai farka cikin ƙasa,
ya cinye shi kaf, ya leƙo rana.
In kuwa mun riga shi, mu surfa, mu niƙa, mu tuƙa.

Nan na tuna Yaya Tanimu.
Shekara goma sha ɗaya a masaƙar Kakuri,
ƙurar auduga a gira, a huhu.
Duk ƙarshen wata ambulan na iso ni
a hannun direban Zariya, da maiƙo a kusurwa.
Da aka garƙame masaƙa ya koma faci a Kawo,
ambulan ya rame, amma bai daina zuwa ba.

Da yamma na kira shi, na zayyana masa duka,
tun daga bununi har rumbu.
Ya yi shiru. Ina jin injin iska na huci.
Ya ce, "Wato ni ne garin tuwon?"
Dariya ta sarƙe shi, tari ya karɓa.
"To, wake fa?"
Na ce wake tun yana kwanso yake shanye guzurinsa.
Ya ce, "Ashe ke wake ce, Lantana.
Ni dai ban mutu a rumbun kowa ba.
Aiko mini da ta gasawa guda shida,
tun tana da ruwa."

Na koma gona kafin magariba.
Na zaɓi shida, na ƙara ɗaya.
Ruwan ya bushe a farcena, fari, kamar alli.